Kwabo Mai Tsaga Biyar

A Nasarawa ta Birnin Kebbi, zamanin da muke cikin Jihar Sakkwato, lokacin da ko takardar fili kake so sai ka hau mota ka je can, an yi wani kafinta wai shi Kalilu, mutumin Gulma. Gajere ne kakkaura, fensir kullum a bayan kunnensa, ko sallar Idi za shi. Aikinsa rufin kwano. In ka ga gida a unguwar nan wanda ruwan Agusta bai taɓa ɗiga wa mai shi a gado ba, da wuya in ba hannun Kalilu ba ne. Amma ba da rufi aka fi saninsa ba. An fi saninsa da tara kuɗin da suka mutu, su kwabo mai huji, da dari, wato rabin kwabo, da anini, tarkacen da ko ƙuli-ƙuli ba za su saya maka ba. Har suna aka sa masa, wai Manajan Bankin Matattu. Abin da masu dariyar ba su sani ba, cikin ɗaruruwan kwabban nan guda bakwai kawai yake nema. Na mahaifiyarsa ne, kuma shi ya ɓatar mata da su da hannunsa.

Ga yadda aka yi. Da naira ta zo, tsofaffin kuɗi suka zama kayan wasan yara. Kafintoci ne suka fara samo musu aiki. Ƙusa mai hula a lokacin tsada gare ta, kuma ba kullum ake samunta ba. Sai mutum ya zura ƙusa ta banza cikin hujin kwabo, ya buga bisa kwano. Kwabon ya danne, iska ba ta ɗagawa, ruwa ba ya bi. 'Yan koli har a gwangwani suke auna maka su. Kalilu shi kaɗai, Allah ne ya san yawan sarakunan Ingila da ya kafe bisa ɗakunan mutane, bai taɓa juya ko ɗaya ya ga abin da aka rubuta ba.

A shekarar 1976 ya sami babban aikinsa na farko, hannunsa ya ɗan yi nauyi. Bai sayi keke ba, bai ɗinka riga ba. Bandir ɗin kwano ya saya ya sa a mota sai Gulma, don ya rufe wa mahaifiyarsa ɗaki. Tamba sunanta, matar masunci ce, mijin ya daɗe da rasuwa, ita kuwa tana ƙyafe kifi tana kai wa kasuwa. Kalilu ya daidaici lokacin da ta tafi Argungu zaman jegon yayarsa Ma'u, don yana so ta dawo kawai ta ga ɗakinta yana walƙiya. Kwana uku yana bisa. Ana saura jeri ɗaya kwabbansa suka ƙare. Ya sauko yana tsaki, ya shiga ɗakin neman ko da marfin kwalba ne, sai ga wata igiya a ƙasan adudunta, da tsofaffin kwabbai zure a jiki. Ya ce, “Kai, Inna da ajiyar banza!” Ya sa wuƙa ya yanke, ya zuba su aljihu ko ƙirgawa bai yi ba, ya hau ya ƙarasa aikinsa yana fito.

Ranar da Tamba ta dawo, rabin unguwa ya biyo ta kallo. Ta tsaya ta riƙe haɓa, ta yi ta sa albarka har muryarta ta dushe. Ta shiga ɗaki, ta ɗan jima, ta fito da guntun igiya a hannu.

“Kalilu, kwabban da ke nan fa?”

“Suna bisa, Inna. Su na ƙarasa aikin da su. Ai ba su da amfani yanzu.”

Ta ɗaga kai ta dubi rufin, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta ce, “To, madalla. Sun samu aiki.” Ta cusa igiyar a bakin zane ta tafi hura wuta. Shi kuwa gogan naka, da farin ciki ya cika masa ciki, bai ga komai ba.

Shekara uku bayan nan, farkon damina, wata iska ta taso da la'asar, irin wadda ke sa jakuna kuka. Ta ɗauke rufin ɗungurum, da katako da komai, ta watsar a fadama. Kafin gari ya natsu, kowa ya tsinci rabonsa. Wanda ya dawo da shi ya dawo da shi, wanda ya yi shiru ya yi shiru. Kalilu ya zo, ya ce ba komai, yanzu yana da hali. Ya yi mata sabon rufi da ƙusa mai hula, ragowar tsohon kwanon ya sayar wa masu rumfa a kasuwar Argungu. Abin da ya ɗaure wa mutane kai, Tamba ta yi mako guda tana kuka, tana yawo a fadama da sanda tana tone laka. Mata suna cewa, “Ke dai tsohuwar ga akwai son abin duniya. An yi miki sabo, kina kukan tsoho?” Ita dai ta ci gaba da tononta.

Tara kuɗi kuwa, Malam Isuwa ne ya koya masa. Wani malami ne a kwalejin fasaha, Kirista, daga wajen Filato, dogo mai tabarau, wanda ya kama haya a Nasarawa. A 1981 ɗakinsa yana yoyo aka kira Kalilu. Yana bisa yana ɓalle tsofaffin ƙusoshi yana wurgo su ƙasa, sai ya ga malamin nan da farar rigarsa ya durƙusa cikin ƙasa yana tsintar kwabban kamar mai tsintar gero.

“Malam, lafiya dai?”

“Sauko ka gani, Kafinta. Ka san abin da ka jefar?”

Ya sauko. Malam Isuwa ya shigar da shi falo, ya ɗauko wani akwatin katako mai gida-gida. Kowane kuɗi da gidansa, kowanne da 'yar takarda. Ya nuna masa farin kwabo da jan kwabo, da tauraro mai kusurwa shida a bayansu. Ya nuna masa inda ake duba shekara. Ga sule mai itacen kwakwa, ga taro mai auduga, ga fataka, wato sule biyu, mai gyaɗa. Ga wani kwabo na 1936 da sunan wani sarkin Ingila da ko shekara bai yi a kan gado ba. Ya ce ba a kama kuɗi da tsakiya, sai da gefe. Ba a goge shi da toka ko tsamiya, don tsufansa shi ne darajarsa. Kuma duk inda ka samo shi ka rubuta, don kuɗin da ba a san inda ya fito ba rabin labarinsa ya ɓata.

Kalilu ya ɗauki taron nan mai kusurwa-kusurwa, sai ya ji ƙanshin kasuwar Gulma ta da, lokacin da taro ɗaya zai ba ka ƙosai har ka kasa tashi. Ya yi dariya shi kaɗai. Ya yarda duk inda ya kware tsohon rufi zai riƙa kawo wa malamin kwabbai. In an sami biyu iri ɗaya, malamin ya ba shi guda. Da haka gwangwanin madara ɗaya ya zama biyu, matarsa Maryamu ta fara zumɓura baki.

Wata rana aka kira shi gyaran rumfar wani mai gishiri a kasuwar Argungu. Cikin abin da ya ɓallo akwai wani farin kwabo da tsaga uku a gefe, a jere, kamar an yi da magagari. Malam Isuwa ya duba da gilashinsa ya girgiza kai.

“Assha. Wani ya lalata shi. Wannan ba ya shiga akwati. Riƙe abinka.”

Kalilu ya jefa shi aljihu ya manta. Sai da ya koma Argungu ƙarasa aikin, ya biya gidan Ma'u shan fura. Zai ciro goro, kwabon ya faɗo, ya gangara har gaban tabarmarta. Ta ɗauka za ta miƙa masa, sai yatsanta ya ji tsagar. Ta ajiye ludayi.

“Ina kas samo wanga?”

“Bisa rumfar mai gishiri. Mi ya faru, Yaya?”

“Wanga na Sakinatu ne.”

Sakinatu ƙanwar Ma'u ce, shi kuma yayarsa, wadda ƙyanda ta ɗauke tun kafin a haife shi. Ma'u ta dube shi da jajayen idanu, ta zayyana masa abin da kowa a gidan ya sani ban da shi. Haihuwa takwas Inna ta yi. Duk jaririn da cibiyarsa ta faɗi, akan naɗe kwabo a tsumma a ɗaure masa a ciki don kada cibiyar ta turo. Babansu ba ya yarda a ari na maƙwabta. Duk haihuwa sai ya kawo sabo daga kuɗin kifin ranar, ya ɗauki magagarin da yake wasa ƙugiya da shi, ya yi masa tsaga: na fari ɗaya, na biyu biyu, har zuwa takwas. Cikin takwas ɗin nan, biyu ne suka rayu, Ma'u da Kalilu.

“Nawa mai tsaga biyu, ta ba ni ranar da anka kai ni ɗaki, da shi na ɗaure wa ɗiyana. Sauran bakwai na ga igiyar da ka yanke. Inna ba ta da hotonsu, Kalilu. Kushewarsu ma ruwa ya shafe. Abin da ta rage da shi ke nan.”

“Don mi ba ta faɗa mini ba?”

“Ta ce ba ta ɓata maka farin cikinka. Ta ce da suna bisa, in ta kwanta tana kallon ƙusoshin, ta san ɗiyanta na tare mata ruwa. Iskar ce ta karya mata zuciya.”

Kalilu bai sha furar nan ba. Ya fita ya zauna bakin gulbi har rana ta karkata, kunya da baƙin ciki suna cinsa. Namiji da gemu, ya yi kuka kamar yaro. A nan ya yi wa kansa alkawari cewa ba zai buɗe baki da maganar nan gaban Inna ba sai ya haɗa bakwai ɗin cif, ya zura su a igiya, ya durƙusa ya miƙa mata. Ya roƙi Ma'u ta yi shiru.

Daga ranar ya zama abin kallo. Duk Juma'a bayan masallaci sai ya ɗaure tsani a keke, ya kama hanyar Argungu ko Gulma. Ya bi rumfunan da ya sayar wa kwano ɗaya bayan ɗaya. Ya bi gidajen da ake zargin sun tsinci rabonsu ranar iska. Ba ya tuhumar kowa. Sallama kawai zai yi ya ce, “Na ga rufinku na son gyara. In canza muku ƙusa kyauta, ku bar mini tsofaffin.” Wa zai ƙi? Har layi aka riƙa yi masa. Akwai wanda ya sa shi ya gyara masa ɗakin kaji, da turken awaki, da bayan gida, sannan ya raka shi ƙofa yana cewa, “Allah shi ba ka lafiya, Kalilu,” da irin muryar da ake yi wa mai taɓin hankali.

Maryamu kuwa ba ta raga masa ba. “Mazan mutane na zuwa aiki su dawo da cefane, kai ka dawo da tsatsa! Ga gwangwanaye sun cika ƙarƙashin gado, ko shara ban iya yi.” Sai da ya zaunar da ita ya faɗa mata. Washegari ya tarar ta ɗinka masa wata 'yar jaka ta baƙin saƙi mai zariya, ta sa mai tsaga ukun a ciki.

Mai tsaga bakwai ya fito bisa rumfar mai shayi a tashar Argungu. Mai ɗaya da mai huɗu rana guda ya same su, a rufin wani ɗakin ajiyar albasa a Gulma, ya kusa faɗowa daga tsani don murna. Mai takwas ya ba shi wahala. Wani masunci ne ya ɓalle shi ya ɗaure a bakin birginsa, ragar kamun kifi, don ƙarin nauyi, sai da Kalilu ya yi masa ƙyauren ɗaki sannan ya kwance masa. Mai shida kuwa, Malam Isuwa ne ya zo da shi da kansa, da tsakar rana, yana haki, ya tsinto shi cikin tarkacen wani ɗan koli. Mutumin da ya ce kwabo mai tsaga ba ya shiga akwati, shi ne ya riƙo wannan a hankici da hannu biyu.

Kada ka ce duk shekarun nan wahala ce kawai. Abin ya shiga jinin Kalilu. Ya yi wa kansa akwati mai gida-gida wanda ya fi na malamin kyau, da ma aikinsa ne. Ya iya gane shekarar kwabo tun kafin ya kankare tsatsar da farce. Da yamma sukan zauna ƙofar Malam Isuwa, ɗaya da tasbaha ɗaya da tabarau, suna musu kan anini kamar masu rabon gado. Tsofaffi suka fara tsayawa, wannan ya ce da sisin nan ya sayi hularsa ta aure, wancan ya ce da sule biyu ya je Jega ya dawo da canji. Kai, zamani ya yi daɗi a ƙofar nan.

Kafin ƙarshen 1985 shida sun cika jaka. Saura ɗaya, mai tsaga biyar, kuma shi ne nasa na kansa. Ya sake bin rumfunan. Ya shiga fadama da rani yana tonon busasshiyar laka inda Inna ta taɓa tonawa. Shekara ɗaya, biyu, uku, ba labari. Yana zuwa gaishe ta da jakar a aljihu, ya zauna, ya ci tuwonta, ya tashi bai ce uffan ba. Ita kuwa tana ta ƙanƙancewa, yanar ido ta rufe mata gani, har ta bar zuwa kasuwa.

Ma'u ce ta gaji. Ta hau mota ta zo har Nasarawa, ko mayafi ba ta cire ba ta fara.

“Kai wane irin mai taurin kai ne? Inna ko ƙofar ɗaki ba ta kai sai an riƙa ta. Jira kake a binne ta sannan ka kai mata? Kai mata abin da kas samu!”

“Yaya, ba su cika ba. Da wane ido zan dube ta?”

“Da idon da ka yanke igiyar. Tashi mu tafi.”

Da hantsi suka isa Gulma. Tamba tana zaune a tabarma bakin ɗakinta tana shan rana. Kalilu ya tuɓe takalmi, ya durƙusa gabanta. Sai ya kwance jakar, ya zaro igiyar da ya zura su, ya sa mata a tafin hannu.

Ta ji nauyin abin. Ta fara lalube da babban yatsa, sai hannun ya tsaya. Ta koma gefen na farko ta shafa, tsaga ɗaya. Ba ta faɗi sunansa ba, ɗan fari ne, ko a ranar ba ta karya kunyarta ba. Cewa kawai ta yi, “Babban.” Ta matsa gaba. “Sakinatu. Arzika, mai kukan tsiya. Riskuwa. Hodi. Fadimatu, 'yar auta, ko yaye ba ta kai ba.” Hawaye suna bin tsagar fuskarta, amma murmushi take yi. Ta sake bin su daga farko, a hankali, kamar mai jan tasbaha.

“Ina kag gane su?”

“Inna, shekara bakwai ina bin rufin mutane. Ki gafarta mini. Ban sani ba, wallahi ban sani ba.” Ya share hawaye. “Kuma ba su cika ba. Ɗaya ya gagare ni. Mai tsaga biyar. Ba inda ban duba ba, Inna.”

Tamba ta sunkuyar da kai. Sai kafaɗunta suka fara rawa, Ma'u ta zaci kuka ne, ashe dariya ce, irin ta tsofaffi wadda ba ta da sauti.

“Mai biyar kake nema? Shekara nawa?”

“Uku, shi kaɗai.”

“Kaico, ɗan nan.” Ta kai hannu ƙugunta, ta jawo bakin zane, ta yi ta fama da wani ƙulli da ya daɗe ba a kwance ba. Ta warware wani ɗan tsumma. Ga farin kwabo, ya yi sumul don shafa, tsaga biyar a gefensa. “Wa ya ce maka naka na ga igiya? Igiya ta waɗanda sunka tafi ce. Ni in jera mai rai cikinsu? Tun ranar da ka tafi Birni koyon aiki shina nan jikina. In na ji kewarka, shi nake taɓawa.”

Ma'u ta dafe kai ta ce, “Innalillahi, ni na sa shi wahala.” Kalilu dai ya kifa goshinsa bisa gwiwar tsohuwar, ita kuma ta ɗora masa hannu a ƙeya. Da ya ɗago, halin masu tara kuɗi ya motsa, ya miƙa hannu zai karɓa ya duba shekarar. Ta buge hannun.

“A'a. Wanga ba na akwati ba ne. Ka tafi aikinka, ka bar mini abina.”

Ta mayar da shi cikin tsumman ta ƙulle, ƙulli biyu. Igiyar kuwa ta sa Ma'u ta rataya mata a ƙusar da ke saitin gadonta, inda hannunta zai kai.

Daminar da ta biyo Tamba ta rasu. Matan da suka yi mata wanka suka kwance ƙullin suka ba Ma'u, Ma'u ta kawo wa ƙanenta. Har aka yi Jihar Kebbi, har Malam Isuwa ya yi ritaya ya koma gida, akwatin Kalilu yana nan yana ƙaruwa, duk wanda ya zo sai ya buɗe masa ya ba shi labarin kowane anini. Gida ɗaya ne kawai a tsakiyar akwatin ba komai cikinsa, wanda ya sassaƙa tun shekarun nema. Masu kallo sukan ce, “Manaja, wanga gidan fa, har yau ba a samu ba?” Sai ya taɓa aljihun ƙirjinsa ya ce an samu, yana wurin da mai shi ta saba ajiye shi.